BABI NA BAKWAI: ZAƁEN "A" KO "THE" A YANKUNAN TURANCI MASU NUNA MAIMAICI

7.1 Gabatarwa

A cikin kalmomin da ke wahalar da Bahaushe mai koyon Turanci, da wuya a sami waɗanda suka kai "a" da "the", duk da ƙanƙantarsu. Ɗalibi yakan iya haddace ɗaruruwan kalmomi masu tsawo, ya kuma naƙalci lokutan aikatau, amma ya ci gaba da tuntuɓe a kan waɗannan biyu har ya kammala karatunsa. Matsalar ta fi tsananta a yankunan da ke nuna maimaici, wato inda ake son a ce abu ya sake aukuwa, ko ya auku karo na kaza, ko yana aukuwa sau kaza a cikin wani lokaci. A irin wannan muhalli, musanya ɗaya da ɗaya ba lallai ya ɓata jumla ta fuskar nahawu ba. Abin da yakan yi shi ne ya sauya ma'ana ba tare da mai magana ya ankara ba, kuma wannan ya fi haɗari.

Mai yiwuwa a tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da wannan batu? Dalilai biyu ne. Na farko, fassara ɓangare ce ta aikinsa, kuma ba a fassara abin da ba a fahimta ba. Na biyu, Manufar Ilimi ta Ƙasa, a bugunta na 2004, ta tsara a koyar da yara da harshen muhallinsu a shekaru uku na farkon firamare, sannan a shiga Turanci sannu a hankali daga shekara ta huɗu. Duk inda yaro zai tsallaka daga wani harshe zuwa wani, malamin da ya san inda harsunan biyu suka saɓa shi ne ya fi iya kama hannunsa. A wannan babi za a kira "a" da "an" mafayyacin baƙon abu, a kira "the" mafayyacin sanannen abu. Alamar tauraro a gaban misali tana nuna ba a faɗin sa haka.

7.2 Abin da Hausa take da shi

Kafin a shiga Turanci, ya kamata a waiwayi gida. Hausa tana da madanganci, wato -n da -r da ɗin, kamar a yaron, motar, kofin ko fensir ɗin. Tana kuma da mafayyata wani, wata da wasu. M.K.M. Galadanci ya yi bayanin matsayin waɗannan a yankin suna a littafinsa na nahawun Hausa na 1976, haka ma Paul Newman a babban littafinsa na shekarar 2000. Saboda haka ne malamai da yawa suke gaya wa yara cewa -n ko -r shi ne "the", wani kuwa shi ne "a". Wannan gajerar hanya ce mai daɗin bi, amma tana ɓatar da mutum. Dubi waɗannan:

1. Rana ta fito. The sun has risen.
2. Sarki ya iso. The Emir has arrived.
3. Audu malami ne. Audu is a teacher.
4. Ina neman alƙalami. I am looking for a pen.

A misalai na 1 da na 2 babu madanganci a Hausa, amma Turanci ya tilasta "the". A na 3 da na 4 babu wani, amma Turanci ya tilasta "a". Ke nan suna a Hausa yana iya tsayawa tsirara, muhallin magana ya nuna ko sananne ne ko baƙo. Madanganci yakan zo ne galibi idan an riga an ambaci abin, ko an san shi daga abin da ya gabata. Turanci kuwa ba ya barin tilon suna mai ƙirguwa ya tsaya haka nan. Dole mai magana ya zaɓi wani mafayyaci ya sa masa. Wannan tilasci shi ne tushen wahalar, domin ana neman Bahaushe ya yanke hukunci a wurin da harshensa ya yafe masa.

Tarihin kalmomin yana taimakawa wajen riƙe ma'anarsu. "A" da "an" sun samo asali ne daga kalmar tsohon Ingilishi mai ma'anar ɗaya, wadda ita ce kuma ta haifi "one". "The" kuwa daga nunau ta fito, dangin "that". Har yau akwai ɓurɓushin wannan a cikinsu: "a" tana cewa ga guda ɗaya daga cikin irinsa, "the" tana cewa wancan da ka sani.

7.3 "A second time" da "the second time"

Nan ne zuciyar darasin, don haka za a ɗan daɗe a kai. An saba koyar da cewa kalmomin jeri, irin su "first", "second" da "third", kullum da "the" suke tafiya. Ƙa'idar gaskiya ce a mafi yawan wurare, amma ba a ko'ina ba. Kwatanta:

5. He knocked a second time.
6. The second time he knocked, the door opened.

A jumla ta 5, mai magana yana ba da labarin cewa an ƙara ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙwanƙwasar sabuwa ce ga mai sauraro, yanzu yake jin labarinta. Ma'anar "a second time" a nan ita ce ƙari, kusan daidai da "again" ko "once more". Fassarar da ta dace ita ce: Ya sake ƙwanƙwasawa, ko Ya ƙara ƙwanƙwasawa. A jumla ta 6 kuwa, an ɗauka mai sauraro ya san an yi ƙwanƙwasa fiye da ɗaya, sai aka tsamo ta biyu daga jerin aka faɗi abin da ya faru a lokacinta: A karo na biyu da ya ƙwanƙwasa, sai ƙofar ta buɗe.

Idan aka lura, Hausa ma ta bambanta ma'anonin biyu, sai dai ba da mafayyaci ba. Inda Turanci ya sa "a", Hausa takan ɗauko aikatau sake, ƙara ko kuma. Inda Turanci ya sa "the", Hausa takan kawo karo na kaza tare da ganga mai farawa da "da", ko ta ce zuwansa na biyu, faɗuwarsa ta uku. Wannan shi ne ma'aunin da ɗalibi zai riƙe: idan jumlar Hausa ta fi daɗi da sake, to "a" ake bukata, idan ana nuna wani karo ne daga cikin waɗanda aka sani, to "the".

Tarihin siyasar Nijeriya yana da misalai masu fito da wannan fili. An zaɓi Olusegun Obasanjo shugaban ƙasa a 1999, aka sake zaɓensa a 2003. A 2006 aka yi yunƙurin gyara tsarin mulki domin a buɗe ƙofar wa'adi na uku, Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Mayu na shekarar. Mai rubuta wannan da Turanci zai ce:

7. His supporters wanted a third term for him.
8. The second term ended in 2007.

Me ya sa "a" a ta 7? Domin wa'adi na ukun bai taɓa kasancewa ba. Buri ne na ƙari a kan biyun da ake da su. Wanda ya rubuta "the third term" a nan ya nuna kamar akwai wani wa'adi na uku tabbatacce da kowa ya sani, alhali babu. A ta 8 kuwa wa'adin ya auku, an san farkonsa da ƙarshensa. Haka ake cewa "the Second World War" game da yaƙin 1939 zuwa 1945, amma masu fargabar wani yaƙin su ce "a third world war". Hausa, abin sha'awa, takan iya nuna wannan da wani: ana tsoron ɓarkewar wani yaƙin duniya na uku. A lura cewa wani a Hausa yana da ma'anar ƙari, kamar a "ba ni wani", kuma a wannan fuska ya yi kusa ƙwarai da "a" ɗin da muke magana a kai.

Ga misali inda duka biyun suka haɗu a labari guda. Muhammadu Buhari ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2003, da 2007, da 2011, bai yi nasara ba sai a 2015:

9. He contested in 2003, tried a second time in 2007 and a third time in 2011. At the fourth attempt, in 2015, he won.

Mai ba da labarin yana ta ƙara karo a kan karo da "a", tamkar mai ɗora tubali. Da jerin ya cika, sai ya nuna wanda aka dace a cikinsa da "the". Da wannan ma'anar ta ƙari ne ake cewa "a second chance", wato wata dama, da "a second opinion", wato jin ta bakin wani masanin, kamar majiyyacin da ya je wurin wani likita bayan na farko.

Akwai wurin da bambancin ya yi siriri, kuma bai kamata malami ya tsananta wa ɗalibai a kansa ba. Bayan "for", duka biyun suna yiwuwa:

10. Nigeria won the Africa Cup of Nations for the third time in 2013.
11. Nigeria won the Africa Cup of Nations for a third time in 2013.

Duka daidai ne, domin Nijeriya ta ci kofin a 1980 da 1994 kafin 2013. Ta 10 tana ƙirga matsayin nasarar a jeri, ta 11 tana jaddada cewa an sake ci. Malamin da ya ja jan biro a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu ya zalunci ɗalibi.

"First" ita ce ba ta cika karɓar "a" ba, kuma dalilin a bayyane yake: abu na farko ba ƙari ba ne a kan komai. Don haka ake cewa "for the first time", ba *for a first time ba a magana ta yau da kullum. Ana samun "a first time" a inda ake magana a kan jinsin abu gaba ɗaya, kamar cewar Turawa wai kowane abu yana da karonsa na farko, amma wannan ba shi ne abin da ɗan firamare zai fara da shi ba.

Ƙaramin abin lura: zaɓi tsakanin "a" da "an" ya dogara ne da sautin da ya biyo baya, ba harafi ba. Ana cewa "a second time" amma "an eighth time". Ana cewa "once an hour" domin ba a furta h ɗin, amma "once a year".

7.4 "Twice a day" da "twice the dose"

Nau'i na biyu shi ne yankunan da ke nuna sau nawa abu ke aukuwa a cikin wani lokaci:

12. Take one tablet three times a day. A sha ƙwaya ɗaya sau uku a rana.
13. The market holds once a week. Kasuwar tana ci sau ɗaya a mako.

A nan "a" ce kawai. Ba a cewa *three times the day. Ma'anarta kowace: kowace rana, kowane mako. Masana tarihin Ingilishi sun nuna cewa wannan "a" ɗin asalinta ba mafayyaci ba ce, harafi ce dangin "on", daga baya masu harshen suka ɗauke ta a matsayin mafayyaci. Wani abin ban mamaki shi ne Hausa ma "a" take sawa a daidai wannan gurbi: sau uku a rana. Babu wata dangantaka ta asali tsakanin kalmomin biyu, dacewa ce kawai, amma malami mai dabara zai yi amfani da ita, domin yara ba sa mantawa da irin wannan. Sai dai dacewar tana da nata tarkon. Ɗalibin da ya ji "a" ɗin Hausa a matsayin "a cikin" yakan rubuta "three times in a day" a ko'ina. Wannan ba kuskure ba ne a nahawu, amma ya fi dacewa da abin da ya faru a rana guda, kamar a ce wuta ta ɗauke sau uku a cikin yini ɗaya. Abin da ake yi a kai a kai, "three times a day" ne.

Yanzu a kwatanta da wannan:

14. He took twice the dose. Ya sha ninki biyu na adadin maganin.
15. Rice now costs three times the old price. Kuɗin shinkafa ya ninka na da sau uku.

Da zarar "the" ta biyo bayan "twice" ko "three times", an bar maganar maimaici an koma ninki. Hausa ta raba su da kalmomi mabambanta, sau da ninki, amma a Turanci mafayyacin da sunan da ke biye da shi ne suke ɗauke da bambancin. Malamin ƙauye shi ne sau da yawa ake kawo wa takardar magani ya karanta, ko wasiƙar banki, ko umarnin da ke jikin buhun taki. Wanda ya rikita "twice a day" da "twice the dose" a irin wannan hali, kuskurensa ya wuce na jarrabawa.

Akwai kuma "by the", mai nuna ma'aunin da ake biya ko sayarwa da shi: "paid by the day", wato ana biyansa kullum-kullum, kamar lebura; "sold by the dozen", wato ana sayarwa dozin-dozin. A lura da yadda Hausa ta yi amfani da ninka kalma a nan.

7.5 Sauran yankuna

"Another" haɗin "an" ne da "other", don haka mafayyacinta yana cikinta. Ba a cewa *an another ko *the another, kuskuren da ya yawaita a rubutun ɗalibai. "Another time" na nufin wani lokaci ko wani karo, "the other time" na nufin ɗaya karon da aka sani, daidai da bambancin wani da ɗayan. "Same" kuwa kusan kullum da "the" take tafiya, domin abin da aka maimaita shi kansa sananne ne: "He made the same mistake again", ya sake yin kuskuren nan dai.

"Next" da "last" suna da hali na daban, domin zaɓin a nan tsakanin "the" ne da rashin mafayyaci:

16. Next time, bring your book. Wani karon ka zo da littafinka.
17. The next time he came, he brought his book. Da ya sake dawowa, ya zo da littafinsa.

Idan ana aunawa daga yanzu, lokacin da ake maganar, akan bar mafayyaci. Idan ana aunawa daga wani lokaci a cikin labari, sai a sa "the". Haka "last time" ke nufin karon da ya wuce, amma "for the last time" na nufin karo na ƙarshe, babu wani bayansa. Uban da ya ce wa ɗansa "I am warning you for the last time" ya gama ja masa kunne ke nan.

Kalmar "time" ita kaɗai tana ba da jeri mai kyau na gwaji: "one at a time", ɗaya bayan ɗaya, "at the time", a lokacin, "at times", wani sa'in, "all the time", koyaushe. Sannan akwai yankunan da aka ninka suna a cikinsu, waɗanda ba sa ɗaukar mafayyaci ko kaɗan: "day after day", "year after year", "time and again", "from time to time". Waɗannan ba su cika ba Bahaushe wahala ba, ƙila don sun yi kama da nasa kullum-kullum, shekara-shekara da lokaci-lokaci. Haddace su ake yi a dunƙule.

A ɓangaren fassara zuwa Turanci, a tuna cewa Hausa tana da hanyoyin nuna maimaici da ba su da takwara kai tsaye. Akwai lokaci sabau, kamar yakan zo, da kuma ninka gaɓar aikatau, kamar ya tattambaye su ko ta kikkira yaran. Ba kowane ɗaya daga cikin waɗannan ne yake bukatar yanki mai "time" a Turanci ba. Ya kikkira su yana iya nufin ya kira mutane da yawa ɗaya bayan ɗaya, ba wai ya kira su sau da yawa ba, kuma mai fassara ne zai duba muhalli ya tantance.

7.6 Yadda za a koyar

Ba a fara wannan darasi da ƙa'ida a allo. Ya fi kyau malami ya aikata abin a gaban aji: ya tafa hannu, ya ce "I clap", ya sake tafawa ya ce "I clap a second time", ya ƙara ya ce "a third time", amma ya sa ɗaya daga cikin tafin ya fi sauran ƙarfi. Sannan ya tambaya wanne ne ya fi ƙara. Amsar dole ta zo da "the": "the second time". Ta haka yara sun ga ƙari, sun kuma ga zaɓe daga jeri, kafin a ba su sunan kowanne. Daga nan sai a nemi su faɗi jumlolin da Hausa, su gano da kansu inda sake ta fito da inda karo na kaza ya fito.

Wajen gyaran rubutu, ya kamata malami ya raba kurakurai gida biyu. Akwai wanda ya ɓata siga kawai, kamar *the another, wanda mai karatu zai gane nufin duk da haka. Akwai kuma wanda ya sauya ma'ana, kamar sa "the third term" a inda ake nufin "a third term". Na biyun shi ya fi cancantar lokacin aji, kuma hanyar gyara shi ita ce a tambayi ɗalibin abin da yake nufi da Hausa kafin a taɓa Turancinsa.

7.7 Aikin yi

1. Cike guraben da "a", "an" ko "the", ko ka bar gurbin idan ba a bukatar komai, sannan ka faɗi dalili da Hausa:
i. The Imam recited the verse ___ second time.
ii. ___ second time she sat the examination, she passed.
iii. The bus leaves once ___ hour.
iv. He paid twice ___ normal fare.
v. ___ next time, come early.

2. Fassara zuwa Turanci:
i. Ya sake faɗuwa jarrabawar, amma yana neman wata dama.
ii. Zuwanta na uku ne ta same shi a gida.
iii. Ana yi wa shanun allura sau biyu a shekara.

3. Jumlar "Ya zo karo na biyu" tana iya ɗaukar fassara biyu a Turanci. Kawo su, ka ƙirƙiro wa kowace muhallin da ta dace da shi.

4. Tsara darasi na minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare a kan bambancin "twice a day" da "twice the amount", ka nuna kayan koyarwar da za ka yi amfani da su.